Lokacin da Hanyoyin Jidda Suka Ɓace wa Babana

Babana direba ne. Tun kafin a haife ni yake jan motar kaya daga ɗakunan ajiya na unguwar masana'antu zuwa shagunan cikin Jidda: man girki, sabulu, madarar gwangwani. Abokan aikinsa in sun rasa hanya shi suke kira a waya, ya kwatanta musu yana kishingiɗe yana shan shayi, har ya gaya musu inda rami yake a titi.

Korona ta kama shi a lokacin da mutane suka fara sakin jiki da ita. Bai ma kwanta a asibiti ba. Zazzaɓi da tari ne, suka yi kwanakinsu suka wuce. Umma ta dafa shinkafa da kaza ta raba wa maƙwabtanmu na unguwar Aziziyya don godiya ga Allah, muka ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da saura. Ya koma aiki, amma kullum sai ya dawo a jigace, kansa na sarawa. Kalmomi suka fara gudunsa. Yana son cokali sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wancan, abin nan," yana kallonsa. Mukan yi dariya, shi ma ya taya mu.

Wata rana bayan la'asar ina shagon tufafin da nake aiki, sai ga kiransa.

"'Yata, kina da aiki da yawa?"

"A'a, Baba. Lafiya?"

"Ina gaban wani masallaci a Bani Malik. Na san shi sarai. Amma ban san ta ina ake fita ba."

Na shiga tasi na je. Na tarar ya ajiye motar a gefen titi, tsaf kamar yadda ya saba, yana zaune a matakalar masallacin da hula a hannu. Na fara ba shi haƙuri da cewa garin ne ya canza, ga rusau, ga sababbin tituna, kowa ma ɓacewa yake. Ya girgiza kai.

"Garin yana nan. Ni ne ba na nan. Kamar an cusa min auduga a ka."

An ɗebi jininsa, an ɗauki hoton kansa, ba a ga komai ba. Daga baya aka tura mu wurin wata likitar jijiyoyi, mace mai magana a hankali. Ta ce ta ga masu irin wannan bayan korona. Ta ce akwai wata na'ura mai maganaɗisu da ake ɗorawa a ka, tana zaburar da wani sashe na ƙwaƙwalwa daga waje, ba yanka, ba allura. Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce ga masu irin ciwonsa har yanzu ana kan gwadawa ne, wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji.

Na dawo da Baba gida. Nan ya ce, "Lantarki a ka? Mahaukata ake yi wa wannan. Ni da hankalina."

Umma tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba. "Malam, ba wanda ya ce ka zare. Ciwo ne, kuma Allah bai saukar da ciwo ba magani ba. Ka je ka gani. In bai yi maka ba, halas, shi ke nan."

Ya je, ni na raka shi. Suka zaunar da shi a kujera irin ta likitan haƙori, suka toshe masa kunnuwa, suka jingina wani abu mai faɗi a gefen kansa. Don su gane ƙarfin da ya dace da shi, sai suka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har babban yatsansa ya motsa da kansa. Baba ya zuba wa yatsan ido, ya dube ni, ya tuntsire da dariya. "Kin ga? Ko shi ya daina jin maganata." Rabon da in ji dariyarsa irin wannan har na manta. Sannan na'urar ta fara ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta tsaya, ta sake. Ya ce kamar tsuntsu ne ke saran goshinsa.

Muka yi makonni muna zirga-zirga. Da farko yakan fito da ciwon kai, daga baya ya daina. Barcinsa ya gyaru. Ya koma tsokanar Umma a kan gishirin miya. Wata rana muna dawowa, cunkoso ya tsayar da mu, sai na ji ya ce wa mai tasi da Larabci, "Shiga dama, ka bi bayan gidan burodin nan, za ka fita babban titi." Haka kuwa aka yi. Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga hawayena. Da na ba Umma labari, sai ta tashi ta yi nafila.

Kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, mutumin kirki ne, ya riƙe masa aikinsa duk tsawon jinyar. Baba ya koma mota. Bai daɗe ba, wata rana da azahar ya shigo gida da ƙafa, ba a lokacin dawowarsa ba. Ya nemi ruwa ya sha, sannan ya ce ya mayar wa kafili da makullin motar.

Umma ta ce, "Wani abu ya faru ne, Malam?"

Ya ce yana tsaye a danja, wuta ta ba shi hannu, sai komai ya ɗauke masa. Bai san inda za shi ba, bai san abin da ya ɗauko ba. Na baya suna ta danna oda. Da ya zabura zai taka mai, sai ga wata mata tana tsallakawa da 'ya'yanta.

"Ban buge kowa ba," ya ce. "Kuma ba zan jira sai na buge ba."

Likitar ta sake yi masa wani zagayen na'urar. Sauƙin da ya samu bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba. Ta gaya mana haka ba ɓoye-ɓoye, Baba ya yi mata godiya da addu'a mai tsawo.

Kafili ya mayar da shi bakin ƙofar ɗakin ajiya, don iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta ci gaba da aiki. Yanzu shi ke buɗe wa motoci ƙofa su fita, ciki har da wadda ya yi shekaru yana ja.

Ni kuwa na koyi tuƙi, tunda gida yana bukatar mai tuƙi. Ranar Juma'a da yamma nakan kai su bakin teku su sha iska. Umma ta zauna a baya, shi a gefena, hannuwansa a kan gwiwa. Ba ya cewa komai game da hanya, waya ce ke kwatanta min. Sai dai wani lokaci, in na taka burki da ƙarfi, ya ce a hankali, "Sassauta ƙafarki, 'yata. Mota ba ta son a ba ta tsoro."