Hoton Velichka a Bishiyar Mamata

Shekara goma sha ɗaya Velichka, mai sayar da tikiti a tashar motar garin Lovech, ta yi tana rubuta littafinta na farko. Da ya fito, ta kai wa Gencho mai ɗab'i hotonta ya buga mata sanarwar ƙaddamarwa. Shi kuwa takardun rasuwa kaɗai hannunsa ya saba da su. Ya zagaye hoton da baƙin layi, ya manna a bishiyar da ake manna na mamata.

Ranar taron ɗakin karatu ya cika maƙil, kowa da furanni bibbiyu irin na kai wa kabari. Maƙwabciyarta Penka ta hango ta bayan tulin littattafai, ta dafe ƙirji.

"Ke! Ashe da ranki?"

"Littafi na rubuta, Penka."

"Littafi? Kai, kin sa ni kuka a banza!"

Mutane suka cinye abincin taro, suka watse da furanninsu. Littafi ɗaya aka saya, shi ma Gencho ne, don kunya. Ya ce bari ya je ya yage takardar.

"Bar ta," in ji Velichka. "Ita kaɗai ce tawa da garin nan ya tsaya ya duba."