Waƙar da ke cikin kunnen matata

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na ɗauki wayar matata na hau moto, wato babur, zuwa kasuwar Keita da niyyar kashe aurena saboda wata waƙar rawa ba. Yanzu idan na tuna murmushi nake yi, amma a ranar ko kusa babu abin dariya.

Ni dai tun ina saurayi ba na shiri da waƙoƙin zamani. A fadarmu ta shan shayi, a ƙauyenmu da ke gefen Ibohaman, kowa ya san ni da wannan. Waƙar da za a ce tana tashe yau, kafin gero ya nuna an manta da ita, ina amfaninta? An tura murya cikin inji ta fito kamar ta mai mura, kiɗa ɗaya ake ta juyawa, magana kuwa ba ta wuce a zo a taka ba. Abokaina su ce tsufa ne ya kama ni da wuri, ni kuma in ce su ba ni mai gurmi guda ya zauna ya faɗi magana mai nauyi, su riƙe bafal ɗinsu, manyan lasifikokin nan. Har yau ra'ayina ke nan, kada wani ya zaci na canja.

Bayan an haifa mana ɗiyarmu ta fari na tafi biɗa, wato ci-rani, Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, kamar yadda mazan Adar suke yi. Aikin gini na samu a wani shantiye, na daɗe ƙwarai, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ban dawo ba. Daga can na aiko wa matata da waya don mu riƙa gaisawa. Da Allah ya dawo da ni gida sai na tarar an sa wa wayar kart memwar, an cika shi da irin kaɗe-kaɗen nan da na tsana. Na ce mata ban da wannan hayaniya a gidana. Ba ta yi gardama ba, ta ce, "To, maigida." Bayan kwana biyu sai na gan ta da ekuter, abin sauraren nan na kunne, igiyarsa ta bi ta ƙarƙashin kallabi. Na ga an bi dokata, na ƙyale ta.

Daga nan ne abin ya fara. Tun da ita kaɗai take jin kiɗan, ni muryarta kawai nake ji. Tana daka tana rerawa, tana tankaɗe tana rerawa, kafaɗunta suna ɗan motsi, kuma kullum waƙa ɗaya ce. Za ta ce, "Kai ne nawa," sai ta rufe baki, ta sunkuyar da kai tana murmushi, can kuma ta ɗauko waƙar daga gaba. Ko yaushe a daidai wurin nan take yin shiru. Ba sai an gaya mini ba, suna ne a wurin, kuma sunan da ba ta so in ji.

Na daure na tambaye ta wa ya zuba mata waƙoƙin. Ta ce mai sharji na kasuwar Keita. Mutumin nan kuwa na san shi farin sani. Shi ne ya fara neman ta kafin ni. Da aka ba ni ita ya tafi Abijan, ya dawo da matsattsen wando da turaren da ke riga shi isa wuri, ya buɗe shago da pano mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, yana cajin wayoyi yana zuba wa mutane waƙoƙi. Duk abin da matasan yankinmu suke rawa da shi daga shagonsa yake fitowa.

Kishi ya kama ni irin wanda ban san ina da shi ba. Wato ni ina can ina ɗaukar siminti a ka cikin rana, shi yana nan a inuwa yana zuba sunansa cikin kunnen matata? Tuwo ya daina yi mini daɗi. Idan ta kawo mini ruwa da fara'a sai in ce a raina ragowar fara'ar wani ce ake ba ni. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne waƙar ba ta cikin waɗanda ake yayi, ban taɓa jin ta a biki ko a wayar wani yaro ba tun dawowata. Mace ba za ta riƙe waƙar da kowa ya yar ba sai da dalili. Da na tambayi ƴan fada, da magana ta ƙare, amma da wane baki zan tambaye su labarin waƙar da na gama zagi?

Ranar kasuwa ta tafi rijiya ta bar wayar a kan gado. Na sa ta a aljihu na buga moto. Na fara biyawa gidan ƙanwata da ke aure a Keita, mace ce mai kaifin baki wadda tun tana ƙarama ba ta tsoron fuskata. Na gaya mata komai, na ce yau zan tona asirin mai sharji, gobe kuma matata ta koma gidansu.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, kai ka ji waƙar da kunnenka?"

Na ce, "Ni in saurari wanga shirme? Allah shi sawwaƙe."

Ta ce, "To za ka kashe aure kan waƙar da ba ka ji ba ke nan. Tsaya in ɗauko hijabina, ba ni bari a yi wagga ba ni wurin."

Na zaci goyon baya ta zo ba ni. Ko da na ga tana danne dariya a bayan moto ban kawo komai ba.

Rana ta take muka isa shagon, mutane cike, bafal biyu a bakin ƙofa suna girgiza ƙasa. Na cire kart ɗin na ajiye a gabansa na ce, "Sa waƙar da ka zuba ma iyalina, kowa shi ji."

Ya rage kiɗa ya ce, "Sannu da zuwa, mutanen Aljeriya. Wace daga ciki? Suna da yawa."

Nan fa na tsaya, don ban san sunan waƙar ba, ban san mai ita ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da matata take rerawa. Haka na tsaya a tsakiyar kasuwar Keita, ni da na shekara ina zagin waƙoƙin nan, na buɗe baki na rera masa da muryata mai kama da ta tsohon rago. Masu jiran caji suka juyo suna kallo, wata mai sayar da ƙuli ta ajiye farantinta don ta ji da kyau.

Ya ce, "Af, wagga ai ta tsufa, yayinta ya wuce tun kana can." Ya laluba ya kunna ta, ya ƙure murya.

Kiɗan ya taso, irin wanda na tsana sak. Wata mace ta fara da muryar inji. Na dunƙule hannu ina jira, idona a kansa. Ta ce, "Kai ne nawa," sai ta kira suna, ta ja shi da tsawo har ya cika layin kasuwar. Sunana ne. Sunana na yanka, wanda liman ya raɗa mini.

Ban san lokacin da na zauna a kan bencin shagon ba. Ƙanwata ta matso ta ce, "Ni na kawo matarka nan, Yaya. Wurin wani bikin suna munka ji waƙar, tana cikin rawa anka kira sunan ga, sai ta bar fili ta koma bayan mata. Da anka watse ta ja ni gefe ta ce in samo mata waƙar da ke da sunan yayana. Ko shagon ba ta shiga ba, waje ta tsaya."

A wurinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta na fari. Ko yaron maƙwabta ne mai sunan, wani laƙabi take nema masa. Na san wannan tun ina yawo ba wando, amma kishi ya hana ni tunawa.

Mai sharji ya miƙo mini kart ɗin yana murmushi ya ce, "Malam, da sunana take so, da ba kai ka aure ta ba." Na karɓa na fita, kuma har yau idan na wuce shagonsa sai ya ɗaga mini hannu ya ƙara murya.

Da na koma gida na tarar ta birkita ɗaki tana neman wayar. Na miƙa mata na ce ta cire abin kunnen ta sa mu ji tare. Ta gane. Ta ja gefen kallabi ta rufe fuska ta ce, "Maigida, ba ni iyawa gabanka." Na zauna a bakin ƙofa, ita tana tsaye ta ba ni baya. Can ta ce, "Da ka tahi, gidan ga babu mai kiran sunan. Inna ba ta kira, kai ne ɗan fari. Ƙannenka Yaya suke cewa. Ni kuma ka sani. Sai na ga kamar za a wayi gari ba ka cikin gidan." Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Bara, a bikin ƙanena, na je wurin mai kiɗa na ce ya nemo mini tsohuwar waƙar nan. Samari suka yi ta gunaguni wai ta kakanni ce. Matata tana cikin mata tana taka rawa a hankali, furfura ta fara leƙowa daga kallabinta. Da aka zo wurin sunan ta rufe baki, ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago ta neme ni da ido.

Waƙar har yanzu ba ta yi mini daɗi ba, kuma har yanzu ina jin haushin mawaƙiyar, wata baƙuwa da ban taɓa gani ba ta kira sunana yadda ta ga dama, wadda nake so in ji shi a bakinta kuwa ba ta taɓa kira ba. Amma tun daga ranar kasuwar nan na koyi in saurari abu har ƙarshe kafin in yanke masa hukunci. Saura kaɗan in kori matar da ta shekara tana ajiye mini wurina a gida, don kawai na ƙi sa kunne in ji abin da take ji.