Faifan da Baba Ya Ce In Juya

Shekarun baya masu yawa, lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa har mu ƙananan malaman firamare muka fara jin kanmu, na sayi garmaho mai aiki da batir. Ina koyarwa a Birnin Kudu a lokacin, gidanmu kuma yana wani ƙauye kusa da Fagam a ƙasar Gwaram. Mai kantin da ya sayar mini a Kano ya ɗora mini wani faifai a matsayin gyara, wai ya gaji da ganinsa. Kiɗan jaz ne na wani baƙar fatar Amurka mai kaɗa fiyano, babu waƙa ko ɗaya a ciki. Gaskiya ni ma ban gane komai ba. Da ka ce ka kama kiɗan da ƙafa sai ya zille maka, ya tsaya inda ba a tsayawa, ya ruga inda kake jiran ya huta. Amma hoton mutumin da kwat da tabarau ya burge ni, don haka na koyi lumshe ido ina gyaɗa kai kamar na san abin da ake ciki.

Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Duk gayyar da za a yi a yankinmu, in ba ya nan, samari ba sa jin ƙarfin garma. Ni kuwa tun da na shiga kwalejin horon malamai na daina faɗin sana'arsa. Idan an tambaye ni sai in ce manomi ne, in lallashi kaina cewa ai ban yi ƙarya ba. Ga shi kuma ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake. Ko gaisuwata a taƙaice yake amsawa yana kallon wani wuri. Duk saƙon da yake da shi ta bakin mahaifiyata yake zuwa.

A hutun bayan kaka na tafi gida da garmahon, tare da abokina da muke koyarwa makaranta ɗaya. Mahaifinsa babban malami ne mai almajirai a Birnin Kudu, kuma ƙanwarsa nake nema da aure. Ina tsoron ranar da gidansu za su ji cewa ɗan makaɗi ne ke zuwa zance. Kafin mu iso sai da na aika wa mahaifiyata cewa a sauke gangar daga inda take rataye a zaure, a kai ta bayan rumbu. Aka kuwa kai ta.

Bayan la'asar muka baje a zaure, maƙwabta suka taru ganin akwatin da ke kiɗa. Na ɗora faifan ina hura hanci. Ba a yi nisa ba abokina ya ce lallai faifan nan ya tsage, allura ce take tsalle. Wani maƙwabcinmu ya ce shi dai abin ya yi masa kama da awaki sun hau kwanon rufi. Mahaifiyata ta leƙo ta bayan zana tana tambaya ko na'urar ba ta da lafiya ne. Aka yi ta dariya. Ni kuma na gyara zama na fara yi musu lacca, wai kiɗan masu ilimi ne, sai kunne ya waye yake jinsa.

Ana cikin haka mahaifina ya zo wucewa da igiya a hannu, zai je ɗaure tumaki. Maimakon ya wuce kamar yadda ya saba idan ina wuri, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Can ya tsuguna. Na ga yatsunsa sun fara taɓa gwiwarsa a hankali, su tsaya, su sake. Sai ya ɗago ya dube ni, ni ɗin nan, ya ce, "Mayar da shi baya kaɗan."

Tun da na yi wayo bai taɓa neman wani abu a wurina baki da baki ba. Na ɗaga allurar na mayar.

Ya saurara, sannan ya ce, "Ba tsagewa ya yi ba. Makaɗin nan, hannunsa na hagu tafiyar mai huɗa yake yi, na daman ne ke tsokanarsa. Duk inda kuka ji kamar ya ɓata, yana sane. Gurbi ya bari mai garma ya ja numfashi."

Ya ci gaba da bugun gwiwarsa, wannan karon da ƙarfi. Wallahi sai kiɗan ya miƙe a kunnenmu gaba ɗaya. Abin da na yi watanni ina gyaɗa wa kai a banza, ga shi ya fito fili a kan gwiwar tsoho. Abokina ya matsa kusa da shi ya ce, "Baba, ashe haka kuka san kiɗa?" Na kawar da kai, ina tsoron kada asirina ya tonu.

Gefen farko ya ƙare, allura tana ta ƙarar banza. Mahaifina ya ce, "Bai sauke ba. Makaɗi ba ya barin gayya a tsakiyar gona. Juya mana bayan, mu ji yadda zai sauke."

Na ce, "Baba, batir ya yi sanyi. Kuma wannan ai ba irin kiɗanku ba ne."

Baturan sababbi ne, da safiyar ranar na saka su. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Haka ne, malam." Ya ɗauki igiyarsa ya fita.

Bai sake yi mini maganar ba. Sau biyu dai mahaifiyata tana ce mini babanka yana tambaya ko za ka dawo da akwatin nan, ni kuma ina cewa sai hutu mai zuwa. Hutun ya zo na je hannu rabbana. Kafin ruwan farko ya sauka ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki mahaifiyata ta gaya mini cewa duk ranin nan, idan ya dawo daga daji, yakan zauna bayan rumbu inda aka ajiye gangar, ya lulluɓe ta da tsumma don kada a ji, ya yi ta buga kiɗan nan. Kullum idan ya kai wani wuri sai ya tsaya, ya ajiye gular kiɗan. Bai taɓa mayar da gangar zaure ba. Abokina kuma da ya zo ta'aziyya ya ce mini tun tuni sun san ko ni ɗan wane ne, gonar mahaifinsa da ke Wurno ma da gangar Baba aka taɓa nome ta. Aurena da ƙanwarsa an yi shi, har yau muna tare, kuma babu wanda ya taɓa tayar da zancen ganga a gidansu.

Na daɗe ina tunanin abin. Ba rashin juya faifan ne ya fi ci mini rai ba. Mutum ne ya ajiye kunyar ɗan fari ta shekara ashirin da wani abu, ya zo ya tsuguna a gabana da abu ɗaya da ya fi kowa sani a duniya, ni kuma na ce masa ba irin nasa ba ne. Har yau idan na tuna yadda ya ce mini "malam", sai abinci ya fita raina.

Bayan sadakar arba'in na koma Birnin Kudu, na rufe ɗaki, na juya faifan. Na saurare shi tun daga farko har allura ta kai ƙarshe, ina ta bugun gwiwata ko zan kama. Ban kama ba. Har yanzu ban sani ba ko mutumin ya sauke, kuma ba ni da wanda zan tambaya.