Titin Italiya a Bangon Zahir

Har yau ban manta da ranar da mudirin wata makaranta, wato shugabanta, a unguwar Zahir nan ƙasa mai tsarki, ya tsaya gaban zanena ya yi dariya har da dafa bango ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo sana'ar fenti a bayanmu, domin na ga da yawanku sun ajiye buroshi sun koma liƙa sitika.

A lokacin na daɗe da zama mu'allim, wato wanda ake danƙa wa bango, in ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci nasa ne. Makarantar ta kuɗi ce, ta yara maza, kuma duk dogon hutu ni nake sabunta musu zane: taswira, dabino, duwatsu. A shekarar sai mudir ya kira ni ofis. Ya ce akwai masu inji a unguwar Shisha da ke buga hoto a sitika, yini ɗaya an rufe bango. Babban zaure kawai ya bar mini. Malamin tarihi yana son titin wani birni na Italiya a can, gine-gine zalla, ba mutum ba dabba. In zanen ya fito kafin a dawo hutu, aikin makarantar nawa ne. In bai fito ba, halas, shi ke nan.

Malamin shi ne Ustaz Majid, jikan Sakkwatawa, haihuwar unguwar Hindawiyya. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya nuna mini hoton a waya: dogayen gidaje dama da hagu, can ƙarshe wata jar ƙubba. A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a hankali na haɗa sunan birnin na karanta: Fulorans.

Na kankare tsohon fenti, na cike ramuka da ma'ajun, na goge, na shafa farin fenti na ƙasa, sannan na fitar da zanen da gawayi. Majid ya zo ya duba, ya kama haɓa. Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ya Ammi Sale, wannan ba titi ba ne. Kwalayen madara ne aka jera a kanti."

"Ustaz, bango a shimfiɗe yake. Ta ina zan huda shi mutum ya shige?"

Ya yi dariya, ya sayo mana shayi, muka zauna a kan bokitan fenti. Ya ce kada in ji kunya, mutanen Italiya ma haka suka daɗe suna zane, gida a kan gida, na nesa da na kusa duk girma ɗaya. Sai wajen shekara ɗari shida da suka wuce aka gano hanya, a wannan birnin da nake zanawa. Zamanin ne Larabawa ke kira Nahda, wato farfaɗowa.

"Wane sarki ya ba su umarni?"

"Mafi, babu wani sarki ɗaya, ya Ammi. Nan ne sirrin."

Ya ce a lokacin Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce. Kowane birni da gwamnatinsa, da ganuwarsa, da girman kansa. Biranen Bunduƙiyya da Janawa suna da jiragen ruwa masu zuwa Iskandariyya da Sham su kwaso kayan yaji da alharini. Fulorans tana saƙa tufafin ulu tana hada-hadar kuɗi. A birane da dama 'yan kasuwa da ƙungiyoyin masu sana'a ne ke zama a majalisa. Masaƙa su ga maƙera sun ƙawata gininsu, sai su nemo gwanin da ya fi. Birni ya ji maƙwabcinsa ya ɗaga hasumiya, sai ya rantse zai gina ƙubbar da ba a taɓa gani ba. Ga kangayen Rumawan da a kusa da su, magina suna zuwa suna aunawa. Malamai suna tono tsofaffin littattafai, har da na Larabci a kan yadda ido ke gani, da aka juya musu zuwa yarensu na ilmi.

"To masu zanen 'ya'yan manya ne?"

"La wallah. Irinku ne. A shago suka taso, suna niƙa launi suna share ƙasa."

Wannan maganar ta zauna mini. Na ce ya gaya mini hanyar. Ya ce shi bai taɓa riƙe buroshi ba, amma abin da ya karanta shi ne ƙusa da zare. A kafa ƙusa a bango, a ɗaura zare, duk layin da ke tafiya ciki, na rufi da na taga da na daɓe, a ja shi ya nufi ƙusar. Har yau, in ji shi, akwai tsofaffin bangaye a can da ake ganin ramin ƙusar masu zanen.

Na goge gawayin na sake. Mu masu zanen allo muna da al'ada: kafin komai sai mu ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa mu fitar da tsakiyar bango. Hannuna ya yi haka ba tare da ya tambaye ni ba. Bangon zauren dogo ne, tsakiyarsa ta wuce kaina nesa. Na hau katakon sikala, wato dandamalin da muke takawa, na buga ƙusa a nan. Daga sama nake aiki, kuma daga sama abin ya yi kyau ƙwarai. Na ga gidaje suna ƙanƙancewa suna tafiya, har na fara sa launi.

Ranar da mudir ya zo dubawa, ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai, sai dariya.

"Ya mu'allim, Italiya ce wannan ko hawan dutsen Jabalun Nur? Sai da sanda za a bi titin nan."

Na sauko na tsaya inda yake. Gaskiyarsa. Titin ya miƙe tsaye kamar tudu. Ya ce ya riga ya karɓo samfurin sitika daga mutanen Shisha, ranar Alhamis zai ba su amsa. Na ce ya bar ni zuwa Alhamis ɗin. Ya ce, "Ɗayyib, na yarda, amma zane na uku ne, babu na huɗu."

Bayan ya tafi ban taɓa buroshi ba. Na hau sikala na duba, titin ya kwanta. Na sauko, ya tashi. Na tsuguna, ya ƙara tashi. Na yi ta hawa da sauka har Majid ya ce ko motsa jiki nake yi. Na ce masa, "Ustaz, ƙusar nan ba tsakiyar bango take so ba. Idon mai kallo take so." Ya buɗe wayarsa ya yi ta karatu, can ya bugi goshinsa, ya ce haka ne, shi ya tsallake wurin.

Sai muka saɓa a kan idon wa. Majid ya ce a auna tsayin mudir, tunda shi zai yanke hukunci, kuma dogo ne. Na ce mudir sau nawa zai ratsa zauren nan? Yara ne za su zauna a gaban bangon kullum suna jiran ƙararrawa.

"Ya Ammi, abincinka ake magana."

"Na sani. Amma bangon nasu ne."

Na kafa ƙusar daidai ƙirjina, wato tsayin idon yaro. Na rufe wancan zanen gaba ɗaya da fari, raina yana ƙuna, domin launin ƙubbar ya fito mini yadda ban taɓa samu ba. Daga an idar da asuba nake farawa, zafi ya yi in huta, la'asar in koma. Kowace taga sai da na ja mata zare. Inda hannuna ya so ya yi yadda ya saba, sai in tsaya in sake aunawa.

Ranar Alhamis na ɗauko kujerar aji na ajiye a tsakiyar zaure. Mudir ya shigo da samfurin sitika a naɗe a hammatarsa. Na ce, "Tafaddal, ya mudir, zauna tukuna." Ya harare ni, ya dubi kujerar da ta yi masa kaɗan, amma ya zauna. Ya zuba wa bangon ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Sannan ya tashi ya je ya shafa bangon da tafin hannu, a daidai inda titin ya shige.

"Subhanallah. A shimfiɗe yake."

Ya juya ya ce wa Majid ya kira mutanen Shisha ya ba su haƙuri. Ni kuma ya ce bangon matakala yana jirana, a wannan karon tashar jiragen Bunduƙiyya.

Abin da na ɗauka daga aikin nan kaɗan ne, amma ya riƙe ni har yau. Masu ba da aiki ba maƙiyanmu ba ne. Mai kyau suke so, kuma in inji ya fi mu za su tafi wurinsa, ba laifinsu. Mutanen biranen can ma gasa ce ta tashe su, ba tausayi ba. Mu'allimin da ya ce ya gama koyo, hannunsa ne zai fara yaudararsa, kamar yadda nawa ya kai ni tsakiyar bango. Don haka in an ba ku bango, kada ku yi saurin hawa sikala. Ku tambayi wanda zai tsaya a gabansa, ku je ku tsaya a wurin, ku duba da tsayinsa, sannan ku ɗauki guduma.