Yaya Ummu da Tafiyar da Ba Ta Karɓi Sautu Ba

A ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, daidai da 25 ga Rajab, 1442, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi ran yayata, Hajiya Ummulkhair Mijinyawa, a wani asibiti a nan Dubai, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekarunta hamsin da huɗu. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa.

Yaya, waɗanda suka zo gaisuwa gidanki na Al Nahda sun ambaci alherinki, ba su kuwa yi ƙari ba. Shekara goma sha bakwai kina aiki a kantin magani, babu Bakanon da ya shigo da takardar likita ya fita bai fahimci abin da ke cikinta ba. Ni dai abu guda nake so in rubuta, domin ni ne na kusa ɓata shi.

Duk tafiyar da kika yi a rayuwarki ta wani ce. Kin biyo mijinki, marigayi Alhaji Idris, zuwa ƙasar nan. Kin raka mahaifiyarmu asibiti Indiya. Idan za ki Kano hutu, tun saura mako falonki yake cika da sautu: abayar wance, wayar ɗan wane, har injin markaɗe. Na sha ganin kina cire kayanki daga akwati don na mutane su shiga.

A watan Oktoba na 2019 kika ce mini za ki Maskat, babban birnin Oman, kwana uku, a bas, ke kaɗai. Na tambaya wa ya rasu ko wa ya haihu.

Kika ce, "Ba kowa, Ɗalhatu. Teku zan je gani."

Na ce ai akwai teku a Dubai.

"Akwai. Amma duk zuwan da na yi bakinsa baƙi na kai, ina tsaye ina riƙe musu takalma."

Kin san halina. Abin da na sani na duniya daga ƙananan takardun bayani na koye shi, irin waɗanda ake jerawa a ofisoshin tafiye-tafiye da ɗakunan jiran asibiti. Na zagaya unguwar Abu Hail na tara guda goma sha tara, na haɗa miki kundi mai shafi goma sha huɗu: lokacin tashin bas, takardun da ake nunawa a kan iyaka, lokutan salla na Maskat, lambobin gaggawa, da alamomin bugun rana guda bakwai, alhali a Disamba za ki tafi. Kika karɓa da hannu biyu. Ba ki yi dariya ba sai da na kai bakin ƙofa.

An yi magana a kan mace ta fita ita kaɗai. Kin tambayi malamin da kika amince da shi, zuciyarki ta natsu, ba ki yi jayayya da kowa ba. Abin da ya fi wuya shi ne sautu. Labari na fita, aminiyarki Hajiya Turai ta taso daga unguwar Satwa tana son turaren luban, wata kuma alewar Oman kwano huɗu. Ke da ba ki taɓa ce wa mutum a'a ba, sai kika sayi jaka guda ƙarama ta rataye. Duk wadda ta zo, ki buɗe mata: "Habibti, ƙawata, duba da kanki. In kin ga wuri, bismillah."

A nan na yi kuskurena. Ba da saninki ba na nemo lambar Ibrahim, ɗan unguwarmu da ke aikin injiniya a Maskat, na roƙe shi ya tarbe ki ya sauke ki a gidansa. Ranar tafiya, muna tashar Abu Hail, saura minti ashirin bas ya tashi, matarsa ta kira ki cikin murna. Ta ce yara sun daɗe ba su ci masa irin ta gida ba, an ma jiƙa shinkafa ana jiranki. Kika gode mata, kika kashe waya, kika dube ni.

"In na sauka gidan mutane, a kicin zan yi kwana ukun nan, kuma in yi godiya. Kira shi ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Yaya, in wani abu ya same ki fa?"

"Shafi na tara na kundinka. Ba kai ka rubuta ba?"

Na kira shi na ba shi haƙuri. Kika gyara mini hula kamar ina ɗan firamare, kika ce, "Yalla, maza tafi aiki."

Kin dawo ba ki kawo wa kowa tsaraba ba sai ni, tsarabar kuwa kundina ne, an bi shi da jan biro. Inda na rubuta kada ki zauna a rana fiye da minti talatin, kin ja layi kin rubuta: "Na yi awa uku a bakin ruwan Matrah. Ba wanda ya kira sunana." A shafin ƙarshe kuma: "Saura kai. Zauna kusa da taga, ka bar kundin a gida." Annobar korona ta zo aka rufe hanyoyi, na samu abin fakewa. Yanzu 'yarki Nana Firdausi ta ba ni jakar. Ranar da hanya ta buɗe zan tafi, da yardar Allah, ko da yake ban yi alkawarin barin kundin ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta Muhsin da Nana Firdausi, da 'yan'uwa na Kano, da abokan aikinta, da Hajiya Turai. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Yaya, ga shi kin sake tafiya ke kaɗai, wannan karon ko jakar ba ki ɗauka ba, kuma babu wanda zan iya kira ya tarbe ki. Na bar ki ga Wanda ya fi ni iya tarba. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce masaukinki. Kayan mutane da kika yi shekaru talatin kina ɗauka, Allah Ya sa ki tarar da su a mizaninki. Amin.

Ɗalhatu Mijinyawa, Abu Hail, Dubai.