Ticha Buba, Ko Gidanka Ban Sani Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina kan moto, babur ɗin haya, za ni babbar kasuwa, muka tsaya a Yelwa don masu jana'iza su wuce. Na ce wa mai moto, "Wa aka rasa?" Ya ce, "Tsohon tichan Turancin nan na lise, makarantar sakandare, mai keke."

Ticha Buba ke nan.

Shi ya koya mini karatu a ajin manya ina da 'ya'ya biyar. Wannan rubutun ma albarkacinsa ne.

Amma bawan Allahn nan ya wahalar da ni! Ba ya riƙe waya, ba ya sa rana. Ka ce yaushe za mu haɗu, sai ya ce, "Garwa ƙarama ce, we shall run into each other." Na ce, mene ne kuma wannan? Ya ce, "Kiciɓis, Hajiya. Ki haɗu da wanda kika sani ba shiri, ba alkawari. In an sa rana, meet ake cewa."

Na ce, "Ticha, jarrabawar BEPC da 'yata za ta rubuta ba kiciɓis take yi ba, rana aka sa mata!" Dariya kawai ya yi.

Haka ya koyar da 'yar tawa, Zuwaira. Inda ya gan ta, nan ne aji: bakin famfo, rumfar naman babanta. Ya jingine keke, ya gyara mata Turanci, ya ƙi karɓar ko tsokar nama.

Ganinmu na ƙarshe a bakin gadar Binuwai ne. Ya rame. Na ce, "Gaya mini gidanka in kawo maka kunu." Ya ce, "Kar ki ɓata mana tsari."

Tsari! Ga tsarin nan. Tun lokacin nake leƙa kowane lungu, ashe yana kwance. Yau mun yi kiciɓis ɗin, yana kan makara, ni kuma mace, ba damar in bi.

Zuwaira na ɗaki tana kuka, ban san ƙofar da zan kai ta gaisuwa ba.

Don Allah wanda ya san gidan ya rubuto mini kafin sadakar uku.

Allah Ya gafarta maka Ticha, Ya haskaka kabarinka. Ku sa shi a addu'a, jama'a. Allah Ya haɗa mu a Aljanna. Wannan kam an sa rana, Ticha, ba ka da ta cewa.