Farar Ƙasar Gindin Dutse

A kurmin da ke bayan Wuro Patuji akwai wani rami da na sani tun ina amarya. Farar ƙasa ce a ciki, mai ƙamshin ruwan farko. Duk cikin da na ɗauka sai na gasa ta na ci, kamar yadda uwata ta yi.

Shekarar da muka dawo daga gudun hijira, 'yata ta zauna wurina da ciki wata biyar. Na shafe mata ɗaki da ƙasar nan, har tagar na toshe da ita, don tsoro bai sake mu ba tukuna. Kullum da hantsi ina miƙa mata gasasshen curi.

Wata rana ina haƙa, sai ga wata malamar jami'a riƙe da na'ura kamar rediyo. A hanya ƙyas, ƙyas kawai na'urar take yi. Da aka kawo ta bakin ramina sai ta ɓarke kamar an watsa gishiri a wuta.

"Mama, me kuke yi da ƙasar nan?"

"Shafen ɗaki," na ce. Ban ambaci ci ba.

Ta ce wasu duwatsu na fitar da tururin da ido ba ya gani, mai iya cutar da jiki, haka Allah ya halicce su; shi na'urar ke ji. Wani tururin kuma ruwan sama ne ya sauko da shi tun zamanin gwajin bama-bamai a nesa, ƙasar kurmi ta riƙe. "Kada hankalinki ya tashi. Ki dai bar iska ta riƙa ratsa ɗakin, kuma kada mai ciki ta ci."

Albarkacin ajin yaƙi da jahilci na karanta lambobin na'urar, amma kunya ta hana ni tambayar ma'anarsu.

Kwana tara ban faɗa wa yarinyar ba. Da ta nemi ƙasa na ce ramin ya rufta. Tagar kuwa na ƙyale ta a toshe, don in na buɗe za ta tambayi dalili. Tana ta kwana a ciki.

Rana ta goma na ɗauki fartanya na fasa tagar, na faɗa mata komai.

"Dada, ke ma kin ci kin haife mu," ta ce. "Ƙasar ba laifinki ba ne. Amma kwana tara?"

Ta haifi ɗanta lafiya lau, yanzu har makaranta yake zuwa. Amma ko tarin mura ya yi, sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai.